Birnin Damagaram Littafi ne, da Ƙafa Ake Karanta Shi

 



An ce in yi magana a kan yawon ƙafa da muka fara yi cikin tsohon birnin Damagaram, wanda muke zagayawa da ƙannenmu muna nuna masu wuraren da rubutu da karatu suka bar sawu. Ni ɗalibi ne, ban kai in tsaya gaban malamai in ce zan koyar ba. Abin da na gani da idona, da ɗan abin da na karanta, shi zan faɗa. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Bari in fara da abin da ya tashe ni tsaye, domin abin kunya ne, kuma gara in faɗe shi da bakina. Damina biyu da suka wuce, ruwa ya kayar da bangon ɗakin kakana, Allah ya jiƙansa. Muna kwashe ƙasa muka tarar da gafaka uku a cikin wani tsohon akwati. Biyu gara ta riga ta gama da su, ka taɓa takarda ta zama gari a hannunka. Ta ukun ta tsira. Kakata ta miƙo mini ita ta ce: "Kai ne ɗan lakwal, karanta mana mu ji abin da Malam ya bari." Na buɗe, na ga baƙaƙen Larabci, amma maganar Hausa ce. Ajami ke nan. Na yi ta kame-kame, in haɗa kalma ɗaya, biyu su kuɓuce mini. Ni da na yi firamare a lakwal mai harshe biyu, na iya rubuta Hausa da boko, na iya Faransanci har na kai jami'a, sai ga ni a tsakar gidanmu na kasa karanta rubutun kakana. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi gafakarta ta ce: "To, Allah ya sa masu iyawa ba su ƙare ba." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na fara tambaya. Na gano ba ni kaɗai ba ne. Abokaina da yawa an haife su a Birni ko a Zango, kullum suna bin lungunan nan a kan kabu-kabu, amma ka tambaye su wa ya yi rubutu a garin nan, me aka rubuta, ina takardun suke, sai a yi shiru. A wasu ƙasashe akwai masu aikin ja-gora, su tara mutane su bi da su unguwa-unguwa a ƙafa, su ce nan wane ya zauna, nan ya rubuta littafi kaza. Muka ce mu ma ai muna da gari, muna da ƙafa. Abin da ya rage mu san me za mu nuna.

Yanzu zan bi da ku hanyar da muke bi, kamar kuna tare da mu. Mukan haɗu bayan sallar asuba, lokacin sanyi, kafin rana ta buɗe. Ba ma wuce mutum goma sha biyu, domin lungunan Birni matsattsu ne, kuma zauren mutane ba kasuwa ba ce. Tafiyar takan ci mana awa uku.

Zangonmu na farko ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram. A nan muke tuna Sarki Tanimu ɗan Sulemanu, wanda ya riƙe sarauta daga wajen 1851 zuwa 1884, ya faɗaɗa ƙasar, ya ƙarfafa ganuwar birni, har igwa aka riƙa ƙerawa a garin nan a zamaninsa. Yara sun san wannan daga littafin tarihi na lakwal. Abin da ba a cika gaya masu ba shi ne, sarauta irin wannan ba ta tafiya sai da alƙalami. Damagaram tana da alaƙa da Barno, tana ciniki da Kano da Agadas har zuwa Tarabulus. Wasiƙa tsakanin sarki da sarki, hukuncin alƙali, lissafin bashi tsakanin fatake, duk malamai ne ke rubuta su da Larabci. Ke nan tun kafin Nasara ya kafa allonsa na farko a ƙasar nan, akwai masu rubutu da masu karatu. A nan kuma muke ambaton makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo, domin su ma ma'ajiyar tarihi ne, sunayen sarakuna da jerinsu a bakinsu mutane da yawa suka fara ji. Sannan mu nuna wa yara littattafai biyu na Farfesa Andre Salifu, ɗan garin nan da aka haifa a 1942: tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19 da ya fito a 1971, da wasan kwaikwayonsa mai sunan Tanimu da ya fito a 1973. Nakan ce masu, kun ga, sarki ɗaya ne, amma malami ya rubuta shi da tawada, makaɗi ya rera shi, ɗan boko ya hau da shi dandali. Dukansu namu ne.

Daga fada sai mu kutsa cikin lungu zuwa zauren wani dattijo alaramma da ya yarda ya riƙa karɓarmu. Wannan zango shi ne zuciyar tafiyar. Yara da yawa sun yi makarantar allo, sun san babbaƙu da farfaru, amma ba su taɓa tsayawa sun dubi kayan aikin a matsayin gado ba. Alaramma yakan ɗauko alƙalamin kara ya fiƙe shi a gabansu. Ya nuna masu bambancin tawadar allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro don a iya wankewa, da tawadar takarda da ake dafawa da ƴaƴan bagaruwa don ta kama ta daɗe. Ya nuna masu rubutu mai kauri irin na Barno da ake rubuta Alƙur'ani da shi bisa ruwayar Warshu, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗorawa. Ya gaya masu matakan da almajiri ke takawa, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har mutum ya zama alaramma ko gwani, ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba tare da ya duba ba. Bayan haka ga littattafan ilimi, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, waɗanda ɗalibi kan kwafa da hannunsa saboda babu injin bugu, ya riƙa rubuta fassarar malaminsa da ƙananan baƙaƙe a tsakanin layi, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Barbarci.

Abu biyu ne ke ba yara mamaki kullum. Na ɗaya, littattafan nan ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka. To yaya ba sa rikicewa? Alaramma yakan nuna masu ƙasan shafi, inda marubuci ya ajiye kalma guda ita kaɗai. Ita ce kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Ko iska ta watsa takardun, mai sani zai mayar da kowace a mazauninta. Na biyu, yakan ɗaga tsohuwar takarda ya tara ta da hasken ƙofa, sai ka ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Wannan tambarin masu yin takarda ne na ƙasar Italiya. Ta teku ta zo Tarabulus, raƙuma suka ratso Sahara da ita har kasuwarmu. Wani yaro ɗan kwaleji ya ce: "Ashe Baba takardar nan ta fi ni yawo." Alaramma ya yi dariya ya ce: "Ɗana, ta fi ka haƙuri kuma."

A nan zan tsaya in faɗi kuskurenmu, don masu son fara irin wannan a Maraɗi ko Tawa kada su maimaita. Ranar fitarmu ta farko mun shiga zauren wani malami daban, mun yi sallama, amma kafin a gama gaisuwa rabinmu sun zaro salula sun fara ɗaukar hoto. Malam ya dube mu, ya naɗe gafakarsa, ya ɗaure, ya ce: "Ku gaida gida." Shi ke nan. Muka fito jiki a sanyaye. Laifinmu ne. Mun zo kamar masu kallon kaya a kanti. Daga baya wani babba ya fahimtar da mu cewa mutanen nan sun sha ganin baƙi su zo da murmushi, su ari takarda da sunan za a yi fotokopi, ba a sake ganinta ba. Sai da muka koma sau uku, hannu biyu, babu salula, muka zauna ƙasa muka ɗauki karatu kamar kowane ɗalibi, sannan ya sake buɗe mana. Tun ranar muka kafa doka: ba a ɗaukar hoto sai mai gida ya ce a ɗauka, ba a taɓa takarda sai an miƙo maka, wadda ke da ayar Alƙur'ani kuma sai da alwala, kuma ko warƙa ɗaya ba ta fita daga gidan da aka same ta.

Zango na uku, mukan fita daga Birni mu nufi unguwar Zango, inda ayarin fatake ke sauka a da. Tafiyar da ɗan nisa, shi ya sa a hanya muke ba da labarin baƙin da suka rubuta garinmu. A watan Janairu na 1851 wani Bature ɗan Ingila mai suna Ricadsan ya sauka a Damagaram, ya yi makonni yana rubuta abin da ya gani, daga nan ya nufi Kukawa, ajali ya cim masa a hanya a watan Maris na shekarar. Abokin tafiyarsa, Bajamushe Hainrik Bart, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarimu, ya iso garin nan a ƙarshen Disamba na 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu na 1853 ya nufi Katsina da Sakkwato har Tumbutu. Littattafansu suna nan, ana karanta su a jami'o'in duniya. Akwai amfani a cikinsu, akwai kuma kallon raini irin na baƙon da bai san gari ba. Mukan ce wa yara su karanta, amma da ido biyu.

Sai dai wanda na fi so in gaya maku labarinsa yaro ne da ke cikin ayarin Bart, mai suna Dorugu. Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram, daga wani ƙauye da ake kira Dambanas, an haife shi wajen 1840. Yana ƙarami aka kama shi aka mai da shi bawa, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa. A can wani Bature abokin Bart mai suna Obaweg ya ƴanta shi. Da Obaweg ya mutu a 1852, Dorugu ya bi Bart, ya je Tumbutu da shi, a 1855 kuma ya bi shi har Ingila. A can wani ɗan mishan mai suna Shon, wanda ke neman sanin Hausa don aikinsa na mishan, ya zaunar da shi, Dorugu yana faɗa yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi. Aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912.

Ku duba wannan al'amari, ƴan'uwa. Ɗaya daga cikin labaran rayuwa na farko da aka buga da harshen Hausa, daga bakin yaron ƙasar nan ya fito, yaron da aka raba da uwarsa aka sa masa kuɗi. Ranar da na fara faɗin wannan a kan hanya, wani daga cikinmu ya ja ni gefe ya ce: "Ka bar zancen bayi, zai ɓata sunan gari." Na ce masa a'a. Idan muka nuna fada muka ɓoye kasuwar bayi, mun zama maroƙa, ba ja-gora ba. Garinmu ya yi ilimi, ya yi arziki, kuma an sayar da mutane a cikinsa. Yaro ya ji duka biyun daga bakinmu ya fi ya tsinta a littafin baƙo ya ce mun yi masa ƙarya. Mai gaskiya a kan abin da ba shi da daɗi, shi ake yarda da shi in ya faɗi mai daɗi.

A Zango mukan tsaya gaban tsofaffin gidajen ƴan kasuwa masu zane a fuskar soro. Mukan ambaci Malam Yaro, attajirin da sunansa ya cika takardun farkon zuwan Nasara. Daga nan ana hango duwatsun da Faransawa suka kafa barikinsu a kai. Shi ne zango na huɗu, ko da yake daga nesa muke nuna shi. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a garin nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga birni. Rundunar nan ita ce ragowar ayarin Bule da Shanwan, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, wadda kuma Sarauniya Mangu ta tara a Lugu cikin wannan shekarar. Wanda ya fito da labarin Sarauniya ga duniya shi ne Abdullahi Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ya yi siyasarsa a Damagaram, ya sha gudun hijira da kurkuku. Littafinsa Sarauniya ya fito a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993. Da Faransanci ya rubuta, harshen waɗanda suka ci ƙasar, amma ya juya harshen ya ba da labarin daga ɓangaren waɗanda aka ci.

A wannan wuri ne kuma muke bayanin yadda boko ya shigo. Damagaram ce babban birnin mulkin Nasara a ƙasar nan daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Harshen ofis ya koma Faransanci. Malamin da jiya shi ke rubuta wa sarki wasiƙa, yau an lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba, don kawai bai san baƙaƙen Nasara ba. Wannan rauni har yanzu bai warke ba. Har gobe za ka ji an tambayi mutum ko ya yi karatu, ya ce a'a, alhali ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami. Amma a garin nan ne kuma aka fara ɗinke ɓarakar ta wani gefen: a 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Irin wannan lakwal na yi. Ina gode wa mushen da ya koya mini cewa harshen uwata yana rubutuwa. Abin da ya rage mini shi ne in koyi yadda kakana ya rubuta shi.

Zangon ƙarshe ba shi cikin kowane littafin tarihi. Tsakar gida ce ta wata tsohuwa, malama mai koyar da matan aure. Ƴanmatanmu ne suka nemo ta, kuma su ke shiga ciki, mu maza mu tsaya a zaure sai an yi mana izini. Inna ba ta da akwatin littattafai, amma tana da waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi a ka, waɗanda ta koya wurin uwarta, ita ma wurin tata uwar. Tana da tatsuniyoyi da kacici-kacici da karin magana da ban taɓa ji ba. Wata ƙanwarmu ta tambaye ta: "Inna, wa ya yi waƙar nan?" Ta ce: "Ƴata, ni dai a bakin tsohuwata na same ta." Daga baya muka tarar da baitocin farko na waƙar a rubuce da ajami cikin gafakar alaramma. Kun ga, takarda tana zaure wurin maza, murya tana cikin gida wurin mata, shekara da shekaru, bango ɗaya ne tsakaninsu. Ba mu san haka ba sai da muka taka da ƙafa. Mukan rufe da tuna masu wasan kwaikwayo na rediyo da telebijin irin su Yazi Dogo da abokan aikinsa, waɗanda suka sa Hausar garin nan ta shiga kowane gida a Nijar.

Wani zai ce, duk wannan ai ana iya sa shi a waya a tura wa mutane, me ya kawo wahalar tafiya? Amsata ita ce, na karanta labarin takarda mai wata uku tun ina shekarar farko a jami'a, na ci jarrabawa da shi, na manta. Ranar da alaramma ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ban sake mantawa ba. Gani ya kori ji. Ban da haka, tafiyar tana yi wa masu gidan amfani. Dattijon da ya ga samari goma sha biyu sun durƙusa gabansa suna tambaya, ya san abin da ke hannunsa yana da masu so. Ƴaƴansa ma da ke shirin zubar da tsohon akwati in ya kau, sai su sake tunani. Mun ga haka da idonmu a gida biyu.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Kowace damina sai wani tsohon soro ya faɗi a Birni. Gara ba ta hutu. Tsofaffin da suka san wane gida ne na wane malami suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen da ke adana dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, aikin da marigayi Bubu Hama ya assasa tara shi. Wannan babban abu ne, Allah ya saka. Amma abin da ke cikin gidajen mutane, babu ma'aikacin da zai iya bin sa lungu-lungu. Sai ƴaƴan unguwa.

Saboda haka ga roƙona, kashi huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, kowa ya koma gida ya tambaya. Ka tambayi kakarka ko akwai gafaka, ko akwai wasiƙa, ko akwai waƙar da ta iya. Idan akwai takardu, a ɗauke su daga ƙasa, a raba su da bango mai danshi, a naɗe da farin ƙyalle mai tsabta. Kada a sa su cikin leda, tana tara gumi. Kada a manna masu salatif, yana cin takarda. Kada a jera su da son rai, a nemi mai sanin kalmar ƙasan shafi.

Na biyu, mu koyi ajami. Wanda ya yi allo, rabin aikin ya riga ya yi. Ni wata huɗu na yi ina zuwa wurin alaramma bayan la'asar, ranar Asabar da Lahadi. Mu kuma ƴan boko mu koya wa ƴan'uwanmu na tsangaya rubutun Hausa na boko in suna so. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, kowane reshe ya zana tasa hanyar. Ku na Maraɗi kuna da tarihin Katsinawan da suka kafa gari bayan jihadi, da na Gobirawa a Tsibiri. Ku na Tawa kuna da malaman Adar. Ba sai kun kwaikwayi tamu ba. Ku nemi wuri biyar da ƙafa za ta iya haɗawa cikin safiya ɗaya, ku nemi izinin masu wurin tun da wuri, ku haɗa ɗan abin goro ku kai masu, ko dala ashirin-ashirin ce. Kuma ƴan'uwa mata su kasance cikin masu tsarawa tun daga farko, domin rabin gadon yana inda namiji ba ya shiga.

Na huɗu, ja-gora ya riƙe amana. Abin da ka tabbatar ka faɗa. Abin da ka ji a bakin mutum ɗaya ka ce wane ne ya gaya mini. Kada ka ƙara gishiri don mutane su yi mamaki. Yaran da ke bayanka za su ɗauki maganarka su kai gaba, ƙaryar da ka yi yau ita ce tarihin gobe.

Zan rufe da inda na fara. Bayan watannin nan huɗu na koma wurin kakata na ce ta ba ni gafakar. Na zauna a kan tabarma na karanta mata, ina tuntuɓe tana gyara mini, domin ashe ta san abin da ka. Nasiha ce kakana ya rubuta wa ƴaƴansa a kan riƙon zumunci da biyan bashi kafin mutuwa. A ƙarshen warƙar ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Shekaru takardar nan tana cikin akwati tana jiran wanda zai amsa roƙon. Muka ɗaga hannu ni da tsohuwa muka yi masa. Gafaka biyun da gara ta ci, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsu, da wanda suka roƙa a yi wa addu'a.

Asabar ta farkon kowane wata, bayan asuba, muna ƙofar fada. Wanda ya zo ya taho da takalmi mai daɗin tafiya, da gorar ruwa, da kaye da bik. Salula kuma ta zauna a aljihu sai an ba da izini.

Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka rubuta suka bar mana. Allah ya ba mu ikon karantawa da riƙewa. Allah ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, ina neman afuwa.